Yadda Ake Wanke Matatar Akwatin Kifi Ba Tare da An Kashe Kifin Ba

Kifayena na farko tsafta ce ta kashe su. 'Yan gofi ne, wasu ƙananan kifin ado, guda takwas a akwatin gilashi mai cin lita 54, wato tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Sun yi wata uku garau. Wata Asabar na buɗe matatar, na ga soson ya rine ya koma ruwan ƙasa, ga wani yauƙi a jikinsa, sai ƙyama ta kama ni. Na kai shi bakin famfo, na sa sabulu na cuɗe shi tas, na shanya a rana, da yamma na mayar ina ta yaba wa kaina. Kafin Laraba, biyar daga cikinsu sun juya ciki sama. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, wancan yauƙin da na wanke shi ne ainihin matatar. Roba da injin da soson, gida ne kawai aka gina masa.

Abin da ke zaune a cikin soson

Kifi yana fitar da amoniya ba dare ba rana, mafi yawa ta kafofin numfashin da ke gefen kansa. Kashinsa da ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye su ma amoniyar suke komawa. A kogi ko tafki ruwa ya yi yawa, ba a ma ji. A lita 54 kuwa, guba ce mai ƙona fatar kifi da inda yake numfashi. Dafinta kuma yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, abin da duk mai ajiye kifi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya kamata ya riƙe a ransa daga watan Maris zuwa Mayu.

Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirayit. Ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu, galibi Nitrospira, su ke mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda kifi ke jurewa matuƙar bai taru ba, kuma canjin ruwa ne ke fitar da shi. Dangin waɗannan ƙwayoyin ne ke juya takin gona ya zama abincin shuka, kuma tun 1890 wani masanin kimiyya mai suna Sergei Winogradsky ya ware su ya nuna aikinsu.

Halayensu uku ne za su yi maka jagora a duk aikin nan. Ba sa yawo cikin ruwa, manne suke a jikin abu: soso, tsakuwa, gilashi. Ba sa rayuwa sai da danshi da oksijin. Sannan ba su da saurin haihuwa, domin ƙwaya ɗaya takan ci kusan kwana guda kafin ta zama biyu. Shi ya sa sabuwar matata ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta nuna. Abin da ka ɓata a minti biyar a bakin famfo, sai ka yi wata kana jiran dawowarsa, kifi kuma ba zai daina fitar da amoniya ya jira ka ba.

San kayan cikin taka matatar

Ko wace iri ce gare ka, da mai soso zalla da injin iska ke turawa, da ta cikin ruwa mai manne da gilashi, da wadda ake ratayawa a bayan akwati, kayan cikinta ba su wuce kashi uku ba.

Akwai masu tare datti: soso mai manyan ƙofofi, da farar audugar roba mai kama ƙananan ɓarɓashi. Akwai gidan bakteriya: 'yan zobban tangaran masu huda a tsakiya, ko ƙwallayen roba, ko tsakuwar dutsen aman wuta mai ramuka. Sai masu tsotse sinadari, wato baƙin gawayin nan da aka sarrafa musamman, wani lokaci da farar tsakuwar ziyolait. Ruwa ya fara ratsa soso, sannan auduga, sannan ya isa zobba, don kada laka ta toshe musu ƙofofi. In ka buɗe taka ka tarar an jera su a juye, gyara jerin.

A ƙaramin akwati sau da yawa soso ɗaya ne tal yake yin aikin farko da na biyu. Masu irin wannan su ne ya fi kamata su yi hattara, don ba su da wani gidan bakteriya na ko-ta-kwana.

Yaushe za a taɓa ta

Kada ka bi kalanda, bi ƙarfin ruwa. Ranar da ka wanke matata, tsaya ka kalli yadda ruwa ke fita, ka riƙe wannan a ido. Duk ranar da ka ga ya ragu sosai, ko saman ruwa ya daina motsi, ko kumfar iska ta yi ƙaranci, lokaci ya yi. A akwatin 'yan gofi ko moli da ba a cika ba, hakan yakan kai mako uku zuwa huɗu. Jajayen kifin nan na golfish kuwa, masu ci kamar gara, sai ka duba duk mako biyu. Wanda ya jefa 'ya'yan tarwaɗa ko karfasa a akwatin falo don yara su yi kallo, shi kam bai da hutu, kuma gaskiya ba wurinsu ba ne.

Lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ruwa in akwatin ba murfi, audugar takan toshe da wuri. Nemi murfi, ko guntun gilashi ne, ka bar ɗan gefe don iska.

Akwatin da bai cika mako shida da kafawa ba, kada a taɓa sosonsa sai in ya toshe ƙiri-ƙiri.

Shirin da ake yi tun jiya

Ka haɗa wankin matata da canjin ruwa, rana ɗaya, domin tsohon ruwan da za ka cire da shi za ka yi wankin. Saboda haka sabon ruwan ake fara tanada.

In na famfo ne, a ɗauka akwai kilorin a ciki, kuma an zuba shi ne takanas don ya kashe ƙwayoyin cuta, bai san na kirki da na banza ba. Ɗiga masa maganin cire kilorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar. In babu, tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, kilorin zai fice. Amma akwai wani nau'in da ake kira kiloramin wanda ajiya ba ta fitar da shi, don haka maganin ya fi zama abin dogaro. Ruwan burtsatse da na rijiya ba kilorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin oksijin, shi ma a bar shi ya kwana a buɗe. Na 'yan ga-ruwa, tambayi inda suka ɗebo, ka kuma shinshina, don wasu jarkokin tsofaffin na man girki ne. Ruwan da aka jefa wa alif, ko aka ɗiga wa maganin tsabtace ruwan sha, kada ya kusanci kifi.

Sai kayan aiki: bokiti ɗaya na kifi kaɗai, tiyo siriri mai tsawon mita ɗaya da rabi, tsohon buroshin haƙori da aka ɗauraye sosai, tawul, da ƙaramin kwano. Bokitin nan rubuta masa suna, ka kuma ja kunnen mutanen gida. Ni sai da na ɓoye nawa a ƙarƙashin teburin akwatin, don sau biyu ina tarar da shi an jiƙa wanki a ciki.

Wanke hannunka har gwiwar hannu da ruwa zalla. In ka shafa mai ko turare, ko ka taɓa fetur ko kalanzir, ɗauraye sosai ka goge kafin ka tsoma.

Aikin kansa

Fara da zare komai daga soket. Kashe makunni bai isa ba, zare filogin. In kana da abin ɗumama ruwa, wanda wasu ke sawa da hunturu, zare shi ka ba shi minti 15 ya huce kafin ruwa ya sauka, don gilashinsa yana fashewa in ya fito da zafi.

Daga nan ja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan zuwa bokiti da tiyo. A akwati mai lita 54 wajen lita 13 ke nan. Kada ka zuƙa da baki. Nutsa tiyon gaba ɗaya a ruwa har ya cika, toshe baki ɗaya da babban yatsa, sauke shi cikin bokitin da ke ƙasa, saki. Ruwan saman ka fara ja, mai haske, ka ɗebi cikin kwano ka ajiye gefe, sannan ka kai bakin tiyon ƙasa ka tsotse kashin da ya kwanta a kusurwa.

Yanzu ciro matatar. Ga dabarar da ta rage mini wahala: zura leda mai tsafta ko roba a cikin ruwan, ka shigar da matatar ciki tun tana nutse, sannan ka ɗago su tare. In ka fizgo ta haka kawai, rabin lakar da ta tara wata guda cikin akwatin za ta zube.

Kwance ta, kana lura da yadda aka jera komai. In karon farko ne, ɗauki hoto da waya. Zobban tangaran su tafi cikin kwanon ruwan nan kai tsaye, kada su sha iska su bushe ko na minti goma.

Sai soso, kuma nan ne ake yin kuskuren. Nutsa shi cikin bokitin tsohon ruwa, matse, saki, ya sha ruwa, sake matsewa. Sau biyar zuwa goma ya isa. Ruwan bokitin zai yi duhu kamar kunun kanwa da ya sha ƙasa, daidai ne. Ba cuɗawa, ba murɗawa irin ta wanki, ba buroshi. Abin da kake nema shi ne ƙofofin su buɗe, ruwa ya ratsa. Soson da aka gama wankewa daidai yana nan da launin ruwan ƙasa, yana kuma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta ruwan farko. In ya dawo launin ranar da ka saye shi, ka wuce gona da iri. In kuma ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, soson ya daɗe a toshe har iska ta daina shiga cikinsa. Wannan a matse shi da kyau a canjin ruwa biyu, a kuma rage tazarar wanki nan gaba.

Matatar da ke da soso biyu, wanke ɗaya yau, ɗayan bayan mako biyu.

Zobban kuwa girgiza su kawai za ka yi a cikin kwanon, lakar da ke kai ta sauka. Ba kowane wanki ma suke bukata ba, sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar. Ba a canza su sai sun fara marmashewa, kuma hakan shekaru ne.

Farar auduga ita kaɗai ce abin yarwa. In ta yi baƙi ta dunƙule, yar da ita ka yanko sabuwa. Amma fa in ita ce kaɗai abin da ke cikin matatar, kamar waɗannan masu zuwa da fakiti guda na auduga da gawayi a ɗinke, yar da ita daidai yake da abin da na yi ranar Asabar ɗin can. Kwalin zai ce maka canza fakiti duk wata. Mai sayar da fakiti ne ya rubuta. Abin yi shi ne ka yanko soso daidai ramin, ka cusa shi kusa da fakitin, bayan wata guda sai ka yar da fakitin ka bar soson ya gaje shi.

Farfela

Yawancin matatun da ake cewa sun mutu, farfelarsu ce ta cushe. Buɗe murfin da ke ƙasan injin, za ka ga 'yar farfela a kan maganaɗisu, ta zauna a kan siririn sanda. Jawo ta a hankali, maganaɗisun zai ɗan riƙe. Cire gashi da zare da ganyen da suka naɗe, goge ta da buroshi, ka zura tsinken auduga cikin ramin ka share yauƙin. Wannan ɓangaren da kwanson roba da bututu, wanke su da ruwan famfo ba laifi, ba nan bakteriyar da kake tattali take ba. Sabulu dai babu. Kula da sandan, a wasu injinan na tangaran ne, yana karyewa kamar alli, haka 'yan robobin da ke bakinsa biyu suna saurin ɓata. Farin dutsen da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari a jiki, jiƙa shi a ruwan tsami na kwalba, wato binega, na rabin awa, ka ɗauraye sosai.

Mai matatar soso da injin iska shi ba farfela. Ya duba dutsen kumfa ko ya toshe, ya kuma tabbata injin yana sama da saman ruwa, ko akwai ɗan makarin nan a jikin tiyo mai hana ruwa komawa baya. In babu, ranar da aka ɗauke wuta ruwa na iya bin tiyo ya gangaro cikin injin har ƙasan ɗaki.

Mayar da komai yadda yake. Zuba sabon ruwa a hankali a kan faranti ko tafin hannu don kada ya tono tsakuwa, bayan ka taɓa ka ji ɗuminsa ya yi kusa da na akwatin. Ruwan da ya wuni a tankin saman rufi da rana, bar shi ya huce. Matatar ratayawa a cika ta da ruwa kafin a kunna, kada ta yi gudu a bushe. Goge hannu, mayar da filogi, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa da soket don ɗigon ruwa ya sauka ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga wuta. Duk aikin kada ya wuce rabin awa.

Ruwan bokitin kai wa shuka. Zogalen da ke tsakar gidanmu da shi ya tashi.

Ranar wankin matata kada ka haɗa da juya tsakuwa gaba ɗaya ko goge kayan ado. Su ma akwai bakteriya a jikinsu, su ne za su riƙe akwatin kafin soso ya farfaɗo.

In soso ya tsufa

Soso mai kyau yana shekaru. Alamar ƙarewarsa ita ce ka matse ya ƙi dawowa, ko ya fara yagewa. Raba shi biyu da almakashi, sa rabin tsoho da rabin sabo, bayan mako huɗu ka cire ragowar tsohon. Kada ka yi arha da soson katifa ko na wanke-wanke. Na katifa ƙofofinsa sun yi ƙanana, yana toshewa nan da nan, ga sinadaran da ba don ruwan kifi aka sa su ba, na wanke-wanke kuma wasu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ake yin su.

Gawayi kuwa, ni na daina sa shi kullum. Yana tsotse launi da wari da ragowar magani, amma cikin mako uku zuwa huɗu ya ƙoshi, wanki kuma ba ya farfaɗo da shi. Amfaninsa na gaske bayan an gama yi wa kifi magani ne, a sa shi ya kwashe saura. Lokacin da ake maganin kuwa dole a cire shi, in ba haka ba shi zai shanye. Sabon gawayi a ɗauraye ƙurarsa kafin a sa. Gawayin girki ba madadinsa ba ne. Mai ziyolait kuma kada ya zuba gishiri a akwati tana ciki, don gishiri yana sa ta saki amoniyar da ta riƙe.

Ranar da aka ɗauke wuta

Kwalayen matatun nan an rubuta su ne don ƙasashen da wuta ba ta motsi. Mu kuwa wannan ita ce babbar jarrabawar. Da injin ya tsaya, ruwa ya daina ratsa soso, oksijin ɗin ciki ya fara ƙarewa. Soson da ke tsirara cikin akwati yana jurewa sosai. Wanda ke kulle cikin kwanso shi ne abin tsoro, musamman da zafi, tun da ruwan ɗumi dama bai riƙe oksijin da yawa.

Awa ɗaya ko biyu ba komai. In ta haura uku ba alamar dawowa, zare filogin, buɗe matatar, ka saki soson da zobban a cikin akwatin, zobban a cikin 'yar raga ko tsohuwar safa mai tsafta. Zare filogin nan yana da dalili: in wuta ta yi yini ba ta nan, ta dawo ƙarfe biyun dare kana barci, injin zai tura ruɓaɓɓen ruwan da ya kwana a cikinsa kan kifi. Zubar da wannan ruwan tukuna kafin ka kunna. Kada ka ba su abinci har wuta ta dawo, kifi lafiyayye yana kwana biyu ko uku ba ci ba abin da ya same shi. Lokaci-lokaci ɗebi ruwan da kofi ka kwararo shi daga sama don iska ta shiga.

Wannan wahalar ce ta sa na koma matatar soso da ɗan injin iska mai aiki da USB. Fawa bank ɗin waya yana riƙe shi sa'o'i masu yawa, ga shi ba farfelar da za ta cushe. Ga akwatin da bai kai lita 60 ba, ban ga abin da ya fi shi dacewa da mu ba.

Injin iska yana da nasa haɗarin: abin da ke cikin iskar ɗaki shi yake turawa cikin ruwa. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya suna kashe kifi ko da kaɗan ne. In za a fesa, kashe injin, rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗaki ya sha iska sannan a kunna.

Kwana ukun da ke biye

Rage abinci zuwa rabi, ka sa ido. Ruwa ya ɗan yi dishi-dishi na awa biyu ko uku bayan wanki, wannan laka ce, za ta kwanta. Amma in ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, ko kifi suka taru a sama suna haki, ko suka maƙale fukafukai suka lafe a kusurwa, to wankin ya yi yawa. In kana da kwalaben gwajin ruwa, amoniya da naitirayit su nuna sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a lita.

In abin ya riga ya faru, kada ka sake taɓa matatar. Canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan yau, gobe ma haka, kullum har kifin su saki jiki, ka tsayar da abinci kwana biyu. Sannan ka je wurin wanda ka sani mai tsohon akwati da kifinsa ke lafiya, ka roƙi guntun sosonsa, ko ya matse maka shi a leda da ɗan ruwa. Kawo shi a jiƙe cikin awa ɗaya, ka cusa kusa da naka. Gofi ukun da suka rage mini da guntun soson wani abokina aka cece su, jikokinsu ne a akwatin yanzu. Tun daga lokacin nake ajiye ƙarin soso ɗaya a bayan kayan ado, yana nutse yana nuna, kuma sau biyu ke nan ana zuwa aronsa.